Jan Ɗigo a Gefen Littattafan Inna

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya a Yamai, ke da mutanen gidan da suka sauke ki, Ya kuma sauƙaƙa miki abin da ya rage na takardun tafiya. Babanki yana gaishe ki. Ba zan ba ki labarin gida ba, kina jin sa ta waya. Abin da na zauna rubutawa shi ne wanda na kasa faɗa ta waya, domin da zarar na ji muryarki sai bakina ya kama wata hanya.

Na yi miki ƙarya. Bara, lokacin da kike haɗa takardun neman gurbin karatun dokta, kin tambaye ni ina littattafan da aka rubuta haihuwar da kakarki Inna ta karɓa, na ce gara ta cinye su tun kafin a haife ki. Gara ba ta taɓa su ba. Su biyar ne, irin kayen ƴan lakwal, wato littafin rubutun ƴan makarantar boko, suna ƙasan akwatina cikin tsohon zanen saƙi. Ranar da na faɗa miki haka, kina zaune ne a bakin gadon da akwatin yake ƙarƙashinsa. Kin ce, "Kash, Mama, da sun yi mini amfani," kika ci gaba da rubutunki. Ni kuwa na tashi na yi alwala kamar ban yi komai ba.

A sallar la'asar ta wannan rana na yi wa Allah alkawari cewa idan Ya ba ki gurbin, zan miƙa miki littattafan duka biyar da hannuna, in gaya miki gaskiya ina kallon idonki, kafin ki bar yankinmu na Arewa. Daga baya na binciki zuciyata, na iske abin da ya sa alkawarin ya zo mini da sauƙi shi ne ban zaci za su ɗauke ki ba.

Sai ga shi sun ɗauke ki. Kin karanta mana saƙon a tsakar gida: shekara huɗu a jami'ar Turai, su biya makaranta, su ba ki wurin kwana da abin da za ki ci, su kuma biya miki jirgi ki dawo ki zauna da tsofaffin mata, ki tambaye su yadda ake haihuwa a da da yadda maganin likita ya shigo ɗakin naƙuda. Gwaggonki ta rangaɗa guɗa. Babanki ya ce, "To, Saratu, mun samu dokta a gida, sai dai ba ta allura." Gwaggonki ta ce, "Dokta ta mi ke nan, in ba ta duba mai ciki?" Kika ce, "Ta tarihi, Gwaggo." Ta ce, "Yanzu labarin tsofaffi ma biya ake a saurara? Da na sani da ban ba da nawa kyauta ba." Kowa ya yi dariya. Ni na faɗi na yi sujadar godiya, goshina yana ƙasa zuciyata tana cewa: ni na rubuta wannan abu, ita za a ɗauki nauyinta ta karanta shi.

Na yi ta nema wa abin wani suna. Na ce tsoron nisa ne. Na ce damuwa ce da addininki a ƙasar da ba a kiran salla. Waɗannan duka suna nan, amma ba su ne suka hana ni jawo akwatin ba. Hassada ce, ta uwa ga ɗiyar da ta haifa. Ina karantar da mata a Islamiyya cewa hassada tana cinye lada, ashe ina zaune da tawa a ɗaki. Nasihata ta farko ke nan: idan kika ji wani abu ya tsaya miki a ƙirji ranar da ƴar'uwar karatunki ta samu abin da ba ki samu ba, ki kira shi da sunansa tun a ranar. Muddin kina ba shi kyakkyawan suna ba za ki tuba daga gare shi ba.

Bari in gaya miki yadda littattafan suka samu, domin ba za su amfane ki ba in ba ki san wadda ta rubuta su ba.

Ina aji biyar na lakwal aka kira ungozomomin ƙauyukanmu zuwa gidan likita na Gesheme, aka yi musu horo na ƴan kwanaki. Inna ta dawo da ƙaramin akwatin ƙarfe a kanta. A ciki akwai reza sabuwa, zaren ɗaure cibiya, alkol na goge rauni, auduga, maganin ɗigawa a idon jariri, da kaye ɗaya. An ce mata kowace haihuwa a rubuta: sunan mace, ƙauyenta, tsawon naƙuda, da yadda aka ƙare. Duk ƙarshen wata a kai wa majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya duba, ya kwafe abin da yake so a takardarsa, ya sa hannu, ya mayar. An kuma gindaya musu sharaɗi: duk naƙudar da ta wuce wuni ɗaya a ɗora matar a amalanke a kawo ta. Wadda ta saɓa, za a karɓe akwatinta.

Inna ba ta karatun boko, don haka ni ce hannunta. Takan dawo ta wanke jikinta, ta zauna gindin bishiyar bedi, ta ce, "Ɗauko kayenki." Sai in rubuta da Faransancin da nake da shi a lokacin. Na yi alfahari da wannan aiki fiye da yadda ya kamata. A ganina ni ce likitar, Inna ƴar aikena ce.

Wata rana ta dawo daga wata rugga bayan kwana biyu. Na tambayi tsawon naƙuda, ta ce, "Rubuta wuni guda." Na ce, "Inna, ai kwananki biyu can." Ta dube ni ta ce, "Ke kika durƙusa ko ni? Mijinta ya tai ci-rani, ƙanen mijin ya ce ba ya da ikon bada mata a kai ta. Hanya kuma ruwa ya yanke. In sunka amshe akwatin ga, da wace reza zan yanke cibiyar na gaba? Rubuta wuni guda." Na rubuta. Amma malaminmu ya koya mana cewa ƙarya a takarda ba ta gogewa, sai tsoro ya kama ni. Na ɗauki jan bik, alƙalamin da nake ja wa darasi layi da shi, na yi ɗan ɗigo a gefen shafin, kusa da sunan matar. Ban gaya wa kowa ba. Tun daga ranar, duk wuni ɗaya da na rage a rubutu sai in sa masa ɗigo ɗaya a gefe. Majo bai taɓa lura ba. Yakan juya shafi ya ce wa Inna aikinta ya fi na kowa tsabta.

Za ki ga ɗigon suna da yawa. Kada ki yi saurin ɗora wa kakarki laifi. Da yawa daga matan, musamman masu haihuwar fari, sukan ɓoye naƙuda wuni guda cur saboda kunya, suna daka suna cije leɓe, sai abin ya gagara a aika wa Inna. Ita daga sa'ar da aka kira ta take ƙirga, ni kuwa nakan ji daga bakin surukai cewa tun jiya aka fara. Wasu kuma ba su da mai yanke musu shawara a gida. Amma akwai waɗanda da an kai su da wuri da ba haka ba. A littafi na uku akwai wata, zan ce da ita Gambo ko da yake ba sunanta ba ne. Na rubuta mata wuni ɗaya, na rubuta cewa ɗan bai zo da rai ba, uwar kuwa lafiya. A gefenta akwai ɗigo biyu. Kwana uku ta yi. Ta tashi da yoyon fitsari, ta ƙare rayuwarta a ɗakin bayan gidan ubanta, ba ta zuwa suna ba ta zuwa biki. Kalmar lafiya da ke gaban sunanta da hannuna na rubuta ta, ina da shekara goma sha uku.

Yanzu ki tuna ranar da kika dawo daga Yamai da murna, kika ce kin samu tsofaffin rahotannin wancan zamani a ɗakin ajiyar takardu. Kin ce, "Mama, kin san a yankinmu doguwar naƙuda ba ta da yawa a lokacin su Kaka? Takardun sun nuna horon ya yi aiki." Kin ce a kan wannan za ki gina wani ɓangare na bincikenki. Ina tsince wake a faifai, ban ɗaga kai ba. Na san daga inda lissafin ƙauyukanmu ya fito, na kuma san cewa sauran ungozomomin ma suna da ƴan lakwal masu yi musu rubutu, dukkanmu muna tsoron a karɓe akwati. Na ce miki, "Allah Ya taimaka." Abin da ya fi wannan muni shi ne na ji daɗi. Na ji daɗin cewa akwai abin da na sani wanda ke da malamanki na Turai ba ku sani ba. Har Shaiɗan ya raya mini in aiko miki da littattafan ba tare da bayanin ɗigon ba, in bar ki ki zama dokta a kan rubutun yarinya mai tsoro. Na yi kwanaki ina juya wannan tunani kafin in nemi tsari daga gare shi, kuma ba zan ce miki kwanakin kaɗan ba ne.

Saboda haka, ɗiyata, duk takardar da za ki buɗe a can, komai kyawun hatiminta, ki tambayi kanki wa ya riƙe alƙalamin, wa yake tsoro, kuma me za a karɓe masa in ya faɗi gaskiya. Ki kuma yi wa kanki wannan tambaya. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatunki mutanen kirki ne a iya abin da na sani, ina yi musu addu'a. Amma mai ciyar da mutum yana da abin da yake son ji, ko bai faɗa ba. Idan kika iske abin da kika gano ya saɓa wa abin da kika yi musu alkawari a takardar nema, ki je ki gaya wa malamarki a fili tun da wuri. Kada ki gyara magana don a ci gaba da yaba miki. Ni na gyara, an yaba, kuma na san abin da yabon ya rufe.

Akwai wata ƙarya da ta girme ki. Kin tashi kina jin cewa na so zama sajfam, ungozomar asibiti, amma kakanki ya hana ni tafiya makaranta. Kin ma rubuta haka a takardarki ta neman gurbi, kin karanta mini, kin ce ni ce dalilin da ya sa kike son wannan bincike. Kakanki bai hana ni ba. Shi ya raka ni Doso da kansa na zauna jarrabawar shiga, ya zauna a inuwa bakin ƙofa har muka fito. Faɗuwa na yi. Na shiga da girman kai, ina ganin na ga haihuwa fiye da masu tambayar, ban yi bitar lissafi ba. Ƙawata Hadiza, wadda muke zama benci ɗaya, wadda ba ta taɓa ganin jinin haihuwa ba, ita ta ci. Ina da damar sake zama a shekara ta gaba. Kakanki ya ce, "Ki koma, ai ba a kanki aka fara ba." Na ƙi, domin ba zan iya shiga makarantar da Hadiza za ta kasance gaba da ni ba. Bayan ya rasu, duk wanda ya tambaya sai in ce shi ya hana. Na ɗora wa mamaci abin da bai yi ba, na bar ki kika tashi kina ganin sa a matsayin mai tauye ƴaƴa mata. Ki nema masa gafara, ki nema mini, ki kuma gyara wannan magana a duk inda kika rubuta ta.

Shekara huɗu suna da tsawo. Za a mayar miki da rubutu a ce bai yi ba. Za a samu wata ƴar wata ƙasa da ta fi ki harshensu, ta riga ki gamawa. Idan kika faɗi, ki ce na faɗi, ki koma ki zauna. Kada ki dawo mini da labarin cewa sanyi ne ko wariya ce alhali kin san ba su ba ne. In kuwa su ne, ki faɗa, zan yarda da ke.

Hadizar nan ita ce wadda kika yi wuni uku a gidanta a garin Dutsi kina ɗaukar muryarta, kika dawo kina cewa Tanti Hadiza ta ce kaza, Tanti Hadiza ta ce kaza. Kowace Tanti da kika faɗa sai na ji ta a haƙorina. Fiye da shekara talatin gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin hanya ba, kuma ba ta taɓa yi mini komai ba sai cin jarrabawa. Shekaranjiya na ji za ta Yamai ganin likitan ido, na sa hijabina na tafi gidanta. Ta ce, "Saratu, lafiya? Wa ya mutu?" Na ce ba kowa, saƙo zan ba ta. Na buɗe zanen ta ga littattafan. Ta juya shafi biyu, ta kai su kusa da idonta, ta ce, "Har yanzu rubutunki ya fi nawa kyau. Wannan jan abin fa?" Na gaya mata. Ta ce, "Mu ma a materniti, ɗakin haihuwar asibiti, mun yi irin namu, sai dai ba mu sa ɗigo ba." Ta ce in zauna in sha fura. Na zauna. Ita ce za ta kawo miki wannan takarda. Ki karɓe ta da girmamawa, ta cancanta, ni ce ban iya ba ta ba.

Sai maganar Inna. Kin sha tambayata me ya sa ni da ita ba ma doguwar hira, nakan ce haka halinta yake. Ba haka halinta yake ba, ke shaida ce.

Bayan na yi aure na shiga Islamiyya a Kore Mairuwa, Allah Ya buɗe mini ido a kan tauhidi, kuma har gobe ina gode Masa. Na je ganin gida, na buɗe akwatin ƙarfen Inna ina neman auduga. A ƙarƙashin audugar na iske wani ƙulli: jan zare, farin wuri, da ƴar laya da ta ce tun kakarta ake shiga da ita ɗakin naƙuda don kada aljanar nan Doguwa ta taɓa mai haihuwa. Ban tambaye ta ba. Ban jira ta dawo daga rijiya ba. Na jefa ƙullin a murhu. Da ta shigo ta ji ƙaurin fata, ta dubi wutar, ta dube ni. Na fara jawo mata ayoyi, a tsaye, a gaban matan gida. Ta bari na gama, ta ce, "Kin gama, malama?" Ta ɗauki tulunta ta shige. Daga ranar ba ta sake yi mini maganar aikinta ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Allah.

Ban canza ra'ayi a kan ƙullin ba. Ba ya amfanarwa, ba ya cutarwa, dogaro da shi kuskure ne babba, kuma ina fatan ta bar shi a zuciyarta kafin ta rasu. Amma na tambayi kaina sau da yawa ko don Allah kaɗai na yi abin da na yi. Amsar da nake samu ita ce akwai rabon Allah a ciki, akwai kuma rabon yarinyar da ta faɗi jarrabawa, wadda ta samu fage ɗaya da ta fi uwarta sani, ta so kowa ya gani. Da na zauna da ita a ɗaki, mu biyu, na tambaye ta abin da take tsoro a ɗakin naƙuda, da wataƙila ta saurare ni, da kuma na san abin da ta sani.

Wannan sanin nata ke ce kika same shi. Na sa miki sunanta, shi ya sa ba na iya kiran ki da shi sai dai Uwani, ita kuwa ta ɗauke ki kamar kanta. Nakan gan ku gindin bedi, kina ƴar shekara goma sha biyar, tana nuna miki da hannunta yadda ake gane kwanciyar ɗa a ciki, yadda ake jiran mabiya ba a ja ta, irin saiwar da ta daina bayarwa da dalilin da ya sa ta daina. In na matso sai ta ce, "Uwani, miƙo mini goro," maganar ta mutu. Shekara bakwai na yi ina rubuta mata, ke ba ki rubuta mata ko layi ɗaya ba, amma ke ta ba wa. Wannan ne tushen abin da ke cina, ba burs ɗin da ya ɗauki nauyin karatunki ba. Kuma na san ni na rufe ƙofar da hannuna.

Idan kika dawo bincike za ki zauna da tsofaffi irinta. Za su ambaci iskoki, za su ambaci abubuwan da ni da ke muka san ba su halatta ba. Ki riƙe imaninki, kada ki taya su, kada ki sa hannu a abin da suke yi. Amma ki bari su kai ƙarshen magana. Ba wa'azi aka aike ki ba, kuma wadda aka kunyata ba ta sake buɗe baki. Idan kuma kika tsaya gaban Turawa kina ba da labarinsu, kada ki zaɓo abin da zai ba su mamaki ki bar abin da zai sa su girmama su. Inna ta ɗauki laya, haka ne. Ita ce kuma ta yi tafiyar ƙafa cikin ruwan sama zuwa rugage ba don a ba ta komai ba sai ƙwaryar gero, in an samu. Ki faɗi duka biyun.

Sunayen da ke cikin littattafan amana ne. Wasu matan suna raye. Ƴaƴansu manyan mutane ne a Tibiri da Dumega, wasu suna limanci. Akwai ɓarin da miji bai sani ba. Akwai haihuwar da in aka lissafa watanninta daga ranar aure za a ta da maganar da ta kwanta tun kafin a haife ki. Za ki ga wurare da na rubuta "mai sunan uwata" ko "matar mai doki", domin Inna ba ta faɗin wasu sunaye saboda kunya. Ki bar su haka, kada ki bi diddigi. Kada sunan kowa ya fita daga hannunki, kada ki ɗauki hoton shafi ki aika wa kowa, ko malamarki ce. Wadda take raye kuma kike son labarinta, ki je ki gaishe ta, ki nemi izininta da bakinki. In ta ce a'a, digirinki bai fi sirrinta ba.

Ranar da muka raka ki tashar Dutsi, littattafan suna cikin jakata. Na ɗauko su da asuba da niyyar cika alkawari. Kin karɓi jakar don ki taya ni, kika ce, "Mama, mi ke cikin nan da nauyi haka?" Na ce kayan mutane ne. Muka tsaya ana ɗaure kaya a kan mota. Babanki yana yi miki faɗan kada ki yar da fasfo, Gwaggonki tana cusa miki ƙuli-ƙuli a aljihu. Sau biyu na sa hannu cikin jakar. Sai wata mata da ke kusa ta tambaye ni, "Hajiya, ɗiyarki ce mai tafiya Turai karatun dokta? Ke ma kin yi boko?" Na ce kaɗan. Na fitar da hannuna babu komai. Kika durƙusa na dafa kanki na yi miki addu'a, addu'ar kuwa da gaske na yi ta. Motar ta tashi, na koma gida da jakata yadda na fito da ita.

Na tambayi malami hukuncin wanda ya yi wa Allah alkawari irin wannan ya saɓa, ban ce ni ce ba, ko da yake ina jin ya gane. Na yi kaffarar da ya faɗa. Kaffara tana tsakanina da Ubangijina, ba ta mayar miki da haƙƙinki ba, shi ya sa na rubuta wannan.

Hadiza za ta ba ki littattafai huɗu. Na biyar yana wurina. A shafinsa na ƙarshe akwai sunana. Haihuwata ta fari ce, wanda ya riga ki, da na zo goyon ciki gidan Inna. Ni ma na ɓoye naƙuda saboda kunya, kamar waɗanda nake yi wa ɗigo. Bai zo da rai ba. Bayan kwana bakwai Inna ta miƙo mini kayen ba ta ce komai ba, na rubuta wa kaina wuni ɗaya, na ɗauki jan bik na sa abin da na sa a gefe. Ban sake rubuta mata ba daga nan. Ina gaya wa kaina cewa saboda wannan shafi na riƙe littafin. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ina so ne ya zama akwai abu ɗaya da sai kin dawo kin zauna a gabana kin tambaye ni, ni, ba Inna ba, ba Hadiza ba. Na auna dalilan biyu na kasa gane wanda ya fi nauyi, kuma ba zan sake yi miki ƙarya in ce na farkon ne kaɗai ba.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa. Ya haɗa ki da malamai masu adalci da abokan zama masu kunya. Ya tsare miki sallarki a ƙasar da rana ke gajarta, Ya sa ki gama abin da kika je yi, Ya dawo da ke ki same mu da rai. Ya raba ki da ciwon da ke zuciyar mahaifiyarki, kada ki gaje shi. Idan kin iya yafe mini, ki yafe. In ba ki iya ba yanzu, ba zan ce kin yi laifi ba.

Alkawarin da na yi wa Allah shi ne littattafai biyar, da hannuna, ina kallon idonki, kafin ki bar Arewa. Ga huɗu, ta hannun wata, a takarda, bayan kin tafi. Ban cika shi ba.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Saratu